Kazar Koci Kadiri

Duk unguwar Nyohini an san Kadiri da usur. Kowace Asabar da sassafe shi ne a gaban 'yan ƙungiyar motsa jiki ta unguwa, yana busa yana yi wa masu tumbi ba'a. Su yi ta gudu har unguwar Kalpohin su dawo, sannan su baje wurin mai shinkafa da wake su mayar da abin da suka zubar, har da ƙari. Koci suke ce masa, kuma ya fi son sunan nan a kan wanda aka raɗa masa.

To, gwanin tsallake kwatar nan ba a fagen gudu ya karye ba. Ledar fiya-wata ya taka a ƙofar gidansa yana riƙe da kofin koko. Kokon bai zube ba, ƙafar ce ta tafi.

Aka goya shi a moto, wato babur, zuwa unguwar Changli wurin Baba Sidiki mai ɗori. Tsohon ya sa aka kawo kaza kamar yadda ya gada, ya karya mata ƙafa, ya shafa man kaɗe ya ɗaure da kara, sannan ya ɗora ƙafar Kadiri. Ba wanda ya nemi shawarar kazar.

"Ɗana," in ji Baba Sidiki, "ran da kaza ya taka, kai ma ka warke. Amma ni ba na kwance ɗori sai mutum ya kama kazan shi da hannun shi ya kawo min. Kafin nan kar ka zauna kaman buhu. Ka ɗaga ƙafa mai lafiyan, ka juya yatsu, ka riƙa ɗaukan galan na ruwa."

Kadiri ya yi murmushi. Wai shi za a koya wa motsa jiki!

Abin da ya hana shi sakat shi ne babban tattakin shekara, wanda ake yi da 'yan badujala, garin duk ya fito kallo. Ƙungiya ta yanke cewa in an kwance masa kafin ranar, shi ne a gaba. In ba a kwance ba, ya miƙa usur ga mataimakinsa, Mahamudu tela. Mahamudu ya zo dubiya da lemo, bakinsa na cewa Allah ya sawwaƙe, idonsa na kan igiyar usur ɗin da ke wuyan Kadiri.

Nan Koci ya yi tunani irin na masu ilimi. Tunda waraka a ƙafar kaza take, ai kaza ce ke bukatar tirenin, wato horo. Da ma tare da ita aka dawo da shi gida, sai ya sa aka kafa masa kujera a gindin darbejiya, ya ɗora ƙafa a kan galan ɗin da matarsa Lariba ta cika masa, ya kama aiki. Ya watsa gero nesa, ya busa usur, kaza ta ɗingisa ta je. Gobe ya ƙara nisa. Da ta fara takawa sai ya koma zuba geron a kan turmi, dole ta yi tsalle. Gyaɗa da busasshen kifi kuwa ba ta rasa ba. Shi ma bai zalunci kansa ba, don mai jinya sai da tuwo, sai da ƙosai, sai da ɗan tsire na la'asar.

"Baban Zakiya," in ji Lariba, "wa ya karye ne, kai ko kazan? Galan ɗin nan an ce ka ɗaga, ba a ce ka yi filo da shi ba."

"Ke ba ki san tirenin ba koraa, sam-sam. Ki duba ƙirjin kazan nan!"

Ƙirjin kam ya buɗe. Kazar da a da ko agwagwa kan ƙwace mata abinci, yanzu ita ke korar zakaru. Ta daina kwana a akurki, ta koma saman darbejiya. Kadiri yana alfahari da ita kamar shi ya haife ta.

Ana gobe tattaki ya miƙe zai kama ta. Ya taka ƙafar, ba zafi ko kaɗan, tsoho bai yi ƙarya ba. Sai dai bai kai bakin rijiya ba numfashi ya fara yi masa gardama, ƙafa mai lafiyar na rawa, tumbi na gaba yana bin sa. Ya busa usur don ya kira ta. Ya manta abin da ya koya mata: tana jin busa ta zuba a guje. Lariba ta ɗauko kwando ta ce bari ta kama masa, wa zai sani? Ita ma kazar ta bar ta zaune a ƙasa.

Gari ya waye yana nan yana zagaya tsakar gida, ɗori a ƙafa, gumi har wando. A haka badujala ta iso ƙofar gida. 'Yan ƙungiya suka leƙo, suka tarar da Koci durƙushe yana haki, kaza a kan katanga tana gyara gashinta. Ba wanda ya yi dariya. Masu tumbin nan da ya sha yi wa ba'a suna kallonsa da tausayi, wannan kuwa ya fi masa dariya ciwo. Kunya ta kama shi har ya rasa inda zai sa idonsa.

"Koci, sannu," in ji Mahamudu. "In an kwance, ka zo. Akwai wuri a layin baya, su ma kaɗan-kaɗan suke tafiya."

Kadiri ya cire igiyar daga wuyansa ya miƙa. Mahamudu ya goge usur ɗin da riga, ya busa.

Kaza ta diro daga katanga, ta ratsa tsakanin ƙafafun masu ganga, ta shige gaba, daidai inda Kadiri ya saba tsayawa. Haka suka bi ta suka sha kwana.

Da kiɗa ya yi nisa, Kadiri ya rarrafa gindin darbejiya, ya kama hannun galan ya ɗaga. Da ƙyar ya kai gwiwa. Lariba na tsaye a ƙofar kicin tana gani, ta juya ta rage tuwon da ta zuba masa.