Lahadin Yafiya a Gidan Dafina

Shekara tara ina gasa banitsa, burodinmu mai cuku, ranar Lahadin yafiya, ana gobe za a shiga babban azumin coci. In shimfiɗa farin ƙyalle a tebur, in zauna ina kallon ƙofa. A wurinmu ƙarami ne ke zuwa gidan babba ya sumbaci hannunsa ya nemi gafara. Na girmi ƙanwata Dafina da shekara huɗu, don haka ita ce mai zuwa. Ni dai na riƙe wannan al'ada gam, kai ka ce don ni aka kafa ta.

Faɗan namu ba wani abin kirki ba ne. Da Mama ta kwanta ciwon ajali, ni ce mai wanki da dahuwa, amma in za a taje mata kai Dafina take kira. Ranar jana'iza, a gaban mutane, na ce wa Dafina ta iya kukan a gani a yaba. Ta ɗauki jakarta ta koma garin Troyan, ba ta sake taka ƙauyenmu ba. Na yi kewarta har abin ya zame min ciwo, amma ko wasiƙa ban rubuta ba.

Bana na je wurin Fada Serafim furta zunubi, na zauna ina zayyano masa laifin Dafina. Ya bar ni na gama tas, sannan ya tambaye ni laifin wa na zo faɗa.

"Tsvetana," ya ce, "ba da ƙanwarki kike yaƙi ba. Abin da kika so a ba ki ba a ba ki ba, shi ke cinki. Yanzu kuma so kike a durƙusa miki."

Na fito ina huci, na ce tsufa ya fara taɓa shi. Kwana uku maganar na yi min yawo a kai. Ran Lahadin yafiya na naɗe banitsar a tawul na hau motar safe zuwa Troyan.

Bilyana, 'yar Dafina, ce ta buɗe min ƙofa. Ta kalle ni, sannan ta ce shekara biyu ke nan uwarta ta fara mantuwa, yanzu ko ita ba kullum take ganewa ba.

Dafina na zaune kusa da murhu, ta rame, gashinta ya yi fari fat. Na durƙusa da gwiwoyin nan nawa masu ƙara, ni babba, na kama hannunta na sumbata.

"Ki yafe min, Dafina."

"An yafe, Allah ya yafe mana," ta ce, da fara'ar da ake yi wa baƙo. Ta leƙa fuskata. "Daga ƙauyenmu kike, ko? Kin san Yaya Tsvetana?"

Na ce na san ta.

"Akwai baki, amma ba ta da mugunta. Ki ce mata ina nan tafe, takalmina ne suka ɓoye min. Kada ta ga kamar na ƙi ne."

Na zauna a ƙasa riƙe da hannunta har Bilyana ta ce motar yamma za ta wuce ni. Na ce a bar ta ta wuce.