Hoton Takalma a Bakin Ƙofa

Rimma ta wurga wayar kan teburin kicin, har shayin Zinaida ya fantsama.

"Duba aikin baƙinki, Goggo Zinaida! Duba da kyau!"

Zinaida, wadda ta tsufa tana riƙe da wannan gidan ɓoyon matan da mazajensu suka jibga, ta gyara tabarau. Hoto ne na takalma jere a bakin ƙofar gidan, an rubuta sunan garin a ƙasa.

A makon jiya masu fafutukar mata daga Kanada suka kawo ziyara. Sharaɗi ɗaya ta kafa musu: ban da ɗaukar fuska. Suka cika alkawari kuwa. Amma da aka sa su tuɓe takalma aka miƙa musu silifa, kamar yadda ake yi wa kowane baƙo, sai jerin takalman ya burge shugabarsu Joslin, ta ɗauki hotonsu ta saka a shafinsu na intanet.

"Ai babu fuskar kowa," in ji Zinaida, muryarta a sanyaye.

"Fuska? Mijina Gennadi gyaran takalma yake yi, kin manta? Jajayen nan na 'yata Ulyana shi ya sa musu faci da hannunsa. Karanta abin da ya turo min."

Zinaida ta karanta: takalman yarinyar sun matse ta, ina tafe da sababbi.

"Wata nawa ina gudu da haƙarƙari a karye," Rimma ta ce tana huci, "ke kuma kika sayar da ni don a tafa miki a ƙasar waje. Tsohuwar banza!"

Zagin ya yi wa Zinaida zafi ƙwarai.

* * *

Da Zinaida ta kira, Joslin ta ɗauki waya da fara'arta. Da ta ji zancen sai ta hau ba da haƙuri, ta ce yanzu za a cire hoton. Ta ƙara da cewa mata a ƙasashe da dama sun zubar da hawaye a kansa, duniya ta ga yadda matan Rasha ke samun ci gaba.

"Ci gaban uwar wa?" Zinaida ta daka mata tsawa. "Ku kun hau jirgi kun tafi, mu kun bar mu da mahauci!"

Ta kashe wayar ta kira 'yan sanda. Wanda ya amsa yana tauna wani abu.

"Ya taɓa ta yau? To uba ne zai ga 'yarsa, Hajiyar fafutuka. In ya yi wani abu ku kira."

* * *

Motar da za ta fitar da Rimma da Ulyana daga garin sai da yamma za ta iso. Rimma tana ɗaki tana cusa kaya a jaka, ta ƙi ko kallon Zinaida.

Zinaida ta ɗaga labule. A can ƙasa, cikin ƙanƙara, wani mutum mai tsabta ya cire hula yana gaida tsohuwar da ke zuba wa tantabaru hatsi. Ladabinsa har da rusunawa. Tsohuwar ta yi murmushi, ta ɗaga hannu ta nuna benensu.

Kafin Zinaida ta saki labulen, Ulyana ta riga ta haye kujera. Ta manna fuska a gilashi tana bubbuga shi da tafin hannu, murna fal idonta.

"Baba! Baba, ga mu nan!"