Tukuicin da Almu Ya Ƙi Karɓa

Umarni ya zo daga Sakkwato cewa a koya wa manyan ɗalibai illar cin hanci, kuma Baturen makaranta zai zo Tambuwal ya ji da kunnensa. Tare da umarnin aka ji raɗe-raɗin za a ɗauki malami ɗaya a tura Kebbe.

Malam Bube, malamin makarantar Tambuwal, ya taɓa zuwa Kebbe da damina, jakinsa ya kafe a laka har ciki. Ga gonarsa a Jabo, gero ya fara kai. Don haka ya duƙufa. Safe da yamma yana nanata wa yara, "Duk wanda yab ba ku abu don kun yi aikinku, hanci na! Ku ƙiya!" Har suka haddace kamar karatun allo.

Sai dai kowa ya san Bature ba ya jin Hausa sai ta bakin Ɗanmaliki, tafintansa. Ranar da Bature da tafintansa suka sauka, Malam Bube ya cika ƙwarya da ƙwan zabi, ya haɗa da man shanu, ya kira Almu, babban ɗalibinsa.

"Kai ma Ɗanmaliki. Gaisuwa ta, ba wani abu ba."

Almu ya kai, ya durƙusa, ya miƙa. Ɗanmaliki ya ji daɗi, ya zaro goro farare manya ya ba shi tukuici, yadda ake yi wa kowane ɗan aike.

Almu ya maida hannuwansa baya.

"Ranka shi daɗe, ba ni amsa. Malam ya ce wanga hanci na."

Masauki cike da mutane. Wani ya yi tari, wani ya shiga gyaran rawani. Ɗanmaliki ya dubi goron, ya dubi ƙwaryar, ya ce a shigar da ita ciki.

Washegari yara suka rera darasi babu tuntuɓe. Bature ya gyaɗa kai, ya tambayi tafinta wane irin mutum ne malamin. Ɗanmaliki ya daɗe yana Turanci, har da dafa ƙirji. Malam Bube ya ji sunansa na yawo a ciki, ransa ya yi fari.

Sannan Ɗanmaliki ya juyo da murmushi.

"Malam, na yabe ka ƙwarai. Bature ya ce Tambuwal ta gyaru, ilimi irin naka Kebbe yak kamata a kai. Ka yi shiri kafin gulbi shi cika."