Faifan Ƴan Kuza

Ranar Asabar ce, ƙarshen watan Yuni, washegarin guguwar da ta kwantar da itatuwan garinmu Landover, a Amurka, ta tafi da wutar lantarki. Rana ta fito kamar da gayya. Ina tsaye a falon maƙwabcinmu Baba Katung ina yi masa fifita da kwali, shi kuwa yana kishingiɗe, roba a hanci, yana musu da abokinsa Martins.

"Faifai nawa kuka sayar?" in ji Martins. "Faɗa wa Haidar. Kar ka ji kunya."

"Kaɗan."

"Kaɗan! Mu fa sai da kamfani ya sake buga namu. Har Kwatano an saye mu."

"An saye ku. Wa ya koyi wani abu a wurinku?" Baba Katung ya ja numfashi da kyar. "Kun kwaikwayi Turawa, kun ci kuɗin otal, kun watse."

Su biyun kiɗan rok suka yi a zamanin samartakarsu. Martins yana tare da Taurarin Kakuri a Kaduna, Baba Katung kuma shi ne mai jitar Ƴan Kuza a Jos. Sun tsufa a Amurka, ɗaya a tasi, ɗaya a gadi, kuma musun nan bai taɓa barinsu ba. Wani lokaci su fara da manyan ƙungiyoyin Turawa, wacce ta fi ciniki, wacce ta fi yaye makaɗa, amma kullum a kansu ake ƙarewa.

Ni ɓangaren Martins nake, kuma ban ɓoye ba. Na bar makaranta ban gama sakandare ba, na yi wankin mota, na yi sito, duk ban zauna ba. Abin da ya rage mini shi ne kiɗan da nake haɗawa a kwamfuta ina sawa a intanet, ina leƙa mutum nawa suka saurara. A wurina lissafi ba ya ƙarya.

Wayata ta yi ƙara. Kaneng ce, ƴar Baba Katung, daga asibitin da take aiki a Largo.

"Haidar, kun taho?"

"Ya ƙi."

"Injin iskarsa ba wuta. Ƴar tukunyar iskar nan ba za ta kai la'asar ba. Don Allah ka sa shi a mota!"

Na duba allurar da ke nuna sauran iskar tukunyar. Ta kusa taɓa ja.

"Baba, ka ji ta."

"Ba inda za ni sai wuta ta dawo."

Ya nuna bakin taga. Can faifan yake, baƙi, a jingine da gilashi. Shi ne kaɗai ya rage na Ƴan Kuza. Matar mai gangarsu ce ta tsinto shi a akwatin mijinta bayan ya rasu, ta aiko a makon nan. Jiya Baba Katung ya samo allurar garmaho, ya ce yau zai kunna mana mu ji da kunnenmu.

"In ka dawo sai mu ji," na ce.

"Mai irin ƙirjina ba ya dawowa, ɗana. Ba zan mutu mutumin nan yana cewa ban yi komai a duniya ba."

"Ni ban ce ba ka yi komai ba," in ji Martins. "Na ce ba a saya ba."

"Kawu Martins, ka ce ya fi ka kawai mu tafi!" na ce.

"In yi ƙarya a gaban mara lafiya?"

Na so in ɗauke shi da ƙarfi. Ina taɓa kafaɗarsa ya riƙe hannun kujera, ya fara tari har leɓensa ya canja launi. Na sake shi.

A haka aka ƙwanƙwasa ƙofa. Matan zumunta ne na wani coci a Lanham, su huɗu, suna zagaya gidajen tsofaffi da ƙanƙara a kula. Shugabarsu Mama Olive ta shigo tana haki saboda hawa bene.

"Sannu, Baba. Ka guje mana, mu ba mu guje ka ba."

Baba Katung ya daɗe da daina zuwa coci. Ya taɓa gaya mini wani fasto a Jos ya ce jitarsa muryar Shaiɗan ce, tun daga ranar ya ɗauke ƙafa.

Suka sa masa ƙanƙara a wuya, suka yi addu'a. Ni dai idona na kan allurar tukunya. Sai Mama Olive ta fara buga murfin kula da tafin hannu, wata ta ciro caki daga jaka, suka ɗauki wata waƙar godiya da Hausa.

Ba su yi nisa ba Baba Katung ya miƙe zaune.

"Mama Olive. Wa ya yi waƙar nan?"

"Wa ya yi kuwa? Ba ta da mai ita. Tun ina budurwa a Kagoro muke yin ta. Na ji ta a Yola, na ji ta a Zuru. Nan ma jikokinmu da ba sa jin Hausa sun iya ta."

"Karin waƙar nawa ne, ni na yi shi. Kalmomin ne kuka canja."

Matan suka dubi juna. Mai cakin ta ce a hankali, "Zafin nan ne."

"Kwanta, Baba," in ji Mama Olive. "Waƙar Ubangiji ce."

Bai kwanta ba. Ya juya wajen Martins.

"Kana wurin. Kulob ɗin ma'aikatan kuza a Bukuru, ranar da muka fara kaɗa shi. Wayar jitata ta tsinke, kai ka ara mini."

Martins ya ciro hankici ya goge wuya. Ya dubi silin. Allurar ta shiga ja. Ina jin kukan motocin kashe gobara can wajen babban titi, da numfashin tsohon kamar ana jan zarto.

"Kawu Martins!"

"Ku sake yi," ya ce da matan.

Suka sake. Suna kaiwa tsakiya ya ɗaga hannu.

"A'a. Nan kun yi tsallake."

Sai ya yi da bakinsa. Wani ɗan wuri ne da karin ke hawa, ya tsaya kamar zai faɗi, ya sake hawa kafin ya sauko ya haɗu da amshin matan daidai. Yatsunsa na tafiya a kan tumbinsa. Na duba hannun Baba Katung, nasa yatsun na tafiya a hannun kujera, wuri ɗaya, lokaci ɗaya.

Mama Olive ta dafe baki.

"Na daɗe ina son sace wurin nan," in ji Martins, bai dubi kowa ba. "Yatsuna suka ƙi." Ya ninke hankicin. "Amma ko sisi ba ka samu ba."

"Ko sisi," in ji Baba Katung, yana dariya yana tari. Ya kama rigata. "Kai mai lissafi. Ƙirga mini su."

"Su wa, Baba?"

"Masu yin ta."

Na fara da matan huɗu, na tuna Yola da Zuru, lissafin ya ƙwace mini.

"To. Miƙo mini takalmina."

A bayana na sauko da shi. Bai fi buhun shinkafa nauyi ba. Martins na biye da tukunyar iska, matan na bayansa suna gwada wurin da suka tsallake, suna kuskurewa, yana gyara musu a kan matakala.

Ranar Talata da hantsi Baba Katung ya cika a asibiti, Kaneng na riƙe da hannunsa. Wuta ba ta dawo ba sai bayan haka. Da ta dawo, Kaneng ta ba mu mabuɗi ni da Martins muka shiga falon.

Guguwar ta ci wa gininmu itacen bakin ƙofa, da motoci biyu, da naman da ke firij ɗin kowa, da maƙwabci ɗaya. Sai faifai ɗaya, wanda rana ta lanƙwasa a bakin taga. Martins ya ɗora shi a garmaho duk da haka. Allura ta kasa zama. Muka tsaya muna kallonsa yana juyawa shiru, yana hawa yana sauka.