Ƙwayoyin da Kande Ta Ɓoye a Kwalla

Tun da Yasin ya tafi ci-rani Legas, zuciyar Kande ta daina tafiya daidai. Sai tana zaune tana tsintar wake ta ji abin ya tsaya cak a ƙirjinta, can kuma ya zabura kamar akuyar da ta tsinke igiya. Gumi ya karyo mata. Ita kuwa tun tana yarinya ta san fassarar wannan: in gaban uwa ya faɗi, wani abu ya sami ɗanta.

"Najaha! Kawo salula, kira mini yaron nan."

Ɗan fari ne, ba ta kama sunansa. Najaha, matar Yasin, takan ajiye taɓarya ta kira shi. In ya ɗauka ya ce, "Lafiya lau nake, Inna," sai Kande ta sami numfashi. In bai ɗauka ba, ranar ba mai cin tuwo da daɗi a gidan.

Ran da ta yanke jiki ta faɗi a bakin rijiya aka kwashe ta a amalanke zuwa asibitin Matameye. Likita ya saurari ƙirjinta, ya ce bugun zuciyarta ne ya rikice, kuma in aka yi wasa zai iya kai ta ƙasa. Ya ba ta ƙwayoyi ta riƙa sha kullum, ya ce ta rage tunani. Ta rage tunani! Sai ka ce tunani zane ne da za a tuɓe a rataye a igiya.

Ta sha na ƴan kwanaki, ƙirjin ya lafa. Wannan lafawar kuwa ta fi ciwon firgita ta. Yaro na can yana tuƙa babur ɗin kabu-kabu tsakanin manyan motoci, a garin da ba ta taɓa gani ba, ita kuma an toshe mata hanya ɗaya tak da take jin labarinsa. Ta juye ƙwayoyin a kwalla, ta tura ƙarƙashin gado.

Da Najaha ta gano, ta durƙusa a gabanta.

"Inna, don girman Allah ki sha. Kashe kanki za ki yi."

"In na sha, ya faɗi a can, wa zai faɗa mini? Ke?"

Ciwon ya dawo da ƙarfinsa. Ƙafafu suka kumbura, salla sai a zaune. Duk tsallen da zuciyar ta yi sai ta mutu ta dawo, tsoron kanta da tsoron ɗanta suka cakuɗe har ta kasa rabe su. Duk da haka ta ƙi sha. Najaha ta rasa yadda za ta yi, ta fita bayan rumbu ta faɗa wa mijinta komai a salula.

Ranar kasuwa da la'asar aka yi sallama. Yasin ne, yana dogara sanda, ƙafarsa ta dama ɗaure da karan ɗori. Tirela ce ta ture shi, ya ɓoye musu. Duk "lafiya lau" ɗin nan ta kwanakin baya daga tabarmar mai ɗori yake faɗarta.

Kande ta kafa wa ƙafar ido. "Yaushe?"

"Ran sunan jaririyar Basira, Inna. Da hantsi."

Ta tuna ranar sarai. A lokacin ta daɗe da daina shan magani. Ta wuni gidan maƙwabciyarta Basira tana raba goro, tana tsokanar mai jego, zuciyarta lafiya lau kamar ta budurwa. Har ta ce wa Najaha yau ba sai an kira ba, yaron yana lafiya. Ashe a daidai lokacin yana kwance a bakin titi cikin jini. Zuciyar da ta ba wa amana, ta yarda ta mutu saboda ita, ko motsi ba ta yi ba.

Kande ta ɗauke ido daga ƙafar. Sannan ta nuna ƙarƙashin gado. Najaha ta jawo kwallar, ta ɗebo ruwa a randa da moɗa. Kande ta haɗiye ƙwaya ɗaya, hawaye na gangarowa cikin moɗar. Ta kama hannun ɗanta ta riƙe gam.

"To in ka warke ka koma, wa zai faɗa mini?"

Yasin ya sunkuyar da kai. Gero bai yi ba bana, kowa a ɗakin ya san zai koma.