Larabar Malama Azumi

"Sakar min hijabina, Kande."

"Wallahi ba zan sake shi ba. Dubi ƙafafunki fa, Malama. Ko silifa ba ta shiga."

Suna tsaye a zaure, Kande ta riƙe gefen hijabin da hannu biyu, Malama Azumi ta dafa bango tana mayar da numfashi. A ƙofar gida Manu mai adaidaita sahu yana jira cikin zafin bazara.

"Likitan ƙodar nan na Kano cewa ya yi ki kwanta."

"Likita bai san yau Laraba ba ne. In za ki raka ni, ɗauko mayafinki. In ba za ki ba, matsa min."

Kande ta je ta ɗauko mayafinta tana mita.

Katanga ɗaya ce ta raba gidajensu a Gumel, tun da aka kawo Malama Azumi amarya daga Ɗanzomo. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta maza suna aiki a Kano, ita kuma tana koyarwa a sakandaren 'yan mata. Shekarun baya aka tura ta wata bita a Dutse kan damuwar da ke cin ɗalibai. Sauran waɗanda suka je sun ci shinkafa sun dawo da jaka, ita kuwa da rigima ta dawo. Ta naci har aka ba ta darasi ɗaya ranar Laraba ga 'yan ajin ƙarshe. Babu littafi, babu bulala. A zauna a gindin darbejiya, kowacce ta faɗi abin da ke damunta, a koyi jan numfashi, a tsara lokacin karatu da na barci.

Da farko Kande zaman gulma take kiransa. Sai ranar da aka kawo mata 'yarta Naja'atu, ɗalibar makarantar, a sume. Unguwa ta ce iska ce. Malama Azumi ta shigo ta zauna a kan tabarma ta ce, "A yi addu'a, ban hana ba. Amma yarinyar nan ita ke ɗiban ruwa, ita ke girki, sannan ta kwana kan lissafi tana tsoron ta ba ki kunya. Wane aljani ne ya rage kuma?" Ranar Kande ta ji haushi. Washegari ta karɓi girkin dare da hannunta, ta hana karatu bayan isha'i. Kafin wata ya ƙare Naja'atu ta koma cin abinci.

Da suka isa makaranta, gindin darbejiyar fayau yake. Mataimakin shugabar makaranta, Malam Habibullah, ya fito daga aji ya tarye su.

"Sannu da jiki, Malama. Ai ban zaci za ki iya fitowa ba. Mun mayar da darasin na lissafi. Jarrabawa ta matso, kuma kin san wankin babban bargon da aka yi mana bara."

"Na sani, Malam. Turo min su."

"Hira ba ta cin jarrabawa, Malama."

"Hannun da ke rawa ma ba ya riƙe biro. Ka ba ni su zuwa ƙararrawa, ka karɓe su da kai a sanyaye."

"Na riga na sanar."

"To, shi ke nan." Ta taka a hankali zuwa benci, ta zauna, ta miƙe kumburarrun ƙafafunta. "Ni dai Larabata ce. Nan zan zauna har a tashi, ko da Kande kaɗai zan yi wa."

Ta taga 'yan matan suna kallo. Naja'atu ce ta fara miƙewa. Kande ba ta taɓa ganin 'yarta ta ƙetare maganar malami ba. Wata ta biyo ta, wata ma ta biyo, har ajin ya tsiyaye. Malam Habibullah ya girgiza kai ya nufi ofis.

Kande ta rakuɓe a gefe tana saurare. Wata 'yar Maigatari mai suna Ummukulsum ta ce kullum da safe sai ta yi amai, mahaifinta ya ce in ta faɗi turanci karatunta ya ƙare. Ta fashe da kuka. Babu wadda ta yi dariya. Malama Azumi ta bar ta ta yi mai isarta, sannan ta tambaya wa zai riƙa bita da ita bayan la'asar. Hannuwa suka tashi.

Malama ta juya ta ce, "Naja'atu, ja mana numfashin yau. Nawa ba ya kaiwa."

Da suka gama ta dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Kun ga jikina, ba zan ɓoye muku ba. In kun ji shiru, kada wadda ta ce zaman nan nawa ne. Naku ne. Wanda ya ce ku tashi, ku gaishe shi da ladabi, ku ci gaba da zama."

Tun daga ranar ba ta sake fita ba. Litinin da hantsi Kande na shafa mata man zafi a ƙafa, babban ɗan Malama yana tsakar gida yana neman motar da za ta kai ta Kano, sai Malama ta buɗe ido.

"Kande, har yanzu zaman gulma ne?"

"Haba Malama, ki yafe min wannan."

"Na yafe tuntuni. Ke dai ki daina sa yarinyar nan surfe ranar jarrabawa."

Ta yi murmushi, ta fara salati a hankali. Kafin motar ta iso rai ya yi halinsa. Bayan azahar aka kai ta makwancinta. Da yamma 'yan matan suka cika tsakar gidan da fararen hijabai, suka yi gaisuwa, suka fita ba su taɓa ko ruwa ba.

Ranar addu'ar uku ta faɗo Laraba. Mata sun cika gida, ana rabon gumba, sai Kande ta miƙe ta yafa mayafi.

"Ina zuwa kuma ana zaman makoki?" in ji wata tsohuwa daga Ɗanzomo.

"Aike mamaciyar ta bar min."

Ta tarar da 'yan matan a zaune a gindin darbejiya, Malam Habibullah na tsaye a kansu. Idanunsa sun yi ja, shi ma da shi aka je maƙabarta.

"Allah ya jiƙan Malama," yake cewa, "amma doka ba ta yarda ɗalibai su yi taro babu babba ba. Ku tashi ku shiga aji."

"Ina kwana, Malam," suka haɗa baki. Babu wadda ta motsa.

Kande ta ratsa ta zauna a kan bencin.

"Ga babba ta zo, Malam. Na haifi biyar."

"Hajiya, malami nake nufi."

"To, ka zauna mana. Ai kai ma malamin ne."

Daga ƙofar ɗakin malamai wata matashiya, Malama Zubaida, da ta zo makarantar bana, ta ajiye littattafan da take dubawa ta tako.

"Malam, ni zan riƙe. Na taɓa zama da ita, na ga yadda take yi. In akwai laifi a rubuta a kaina."

Malam Habibullah ya dube su. Sannan ya juya ya hau baranda.

Naja'atu ta ce a rufe ido. Kande ma ta rufe nata, ta ja iska ta hanci yadda ta ji ana faɗa, sai hawayen da ta riƙe tun Litinin suka zubo. Ta bar su.

Da ta buɗe ido, wasu 'yan ajin farko sun taho a guje daga wajen famfo suna shewa. Malam Habibullah ya sauko daga baranda ya tare su da hannu ɗaya, ya ɗora yatsa a kan leɓensa. Yaran suka cire takalma, suka wuce da sanɗa.