Duwatsun Kabarin Husaini

Ƙasar Gadarif baƙar laka ce, ba a samun dutse a cikinta. Duwatsun da ke tsakiyar wata babbar gona a hanyar Gallabat, Daudu ne ya kawo su da amalanken jaki daga gindin tsauni, tun yana da ƙarfinsa. Ya jera su a kan kaburbura bakwai. Ɗaya na yayansa Husaini ne.

Masu yankan riɗi ne su bakwai ɗin. Shekarar da faɗan iyaka ya tashi, 'yan bindiga suka same su a bakin aiki suka harbe su. A lokacin manya suna neman sulhu, sai aka ce a binne su inda suka faɗi, kada a shigo da gawa gari, kada a yi zaman makoki. Aka binne. Tun daga nan duk direban da ya zo huɗa, in ya ga duwatsun sai ya karkata tarakta ya zagaye su.

Bana, gab da damina, Daudu ya je ziyara. Bai ga dutse ko ɗaya ba, sai sawun babbar mota.

Ya bi sawun har bakin kwalta. A can ya tarar an yi wani dogon gini kamar hasumiya, an kafa rumfa, ana jera kujeru. Duwatsunsa suna gindin ginin, siminti ya riƙe su. Abuelgasim, shugaban lajna, wato kwamitin da aka naɗa don bikin tunawa da shahidai, ya taho da fara'a.

"Ya Hajj Daudu! Kai muke nema. Gobe kujerarka tana sahun gaba, kusa da baƙi."

"Wa ya ɗauko waɗannan?"

"Mu ne. Duwatsun shahidai ne, Baba. Ina ya fi dacewa da su?"

"Kan shahidan."

Abuelgasim ya yi 'yar dariya. "Can cikin laka? Motar baƙi ba ta shiga can. A nan duk mai wucewa zai gani, ya san jarumai sun tsaya sun kare ƙasa."

"Lauje ne a hannun yayana. Riɗi yake yanka."

"To, ai shi ma kare ƙasa ne."

"Ranar da aka kashe shi, ubanka yana cikin waɗanda suka tare mu a bakin gari da gawa. Yau kun ɓata da mutanen ƙetaren iyaka, kun tuna muna da matattu. Gobe in kun shirya, wa zai tuna?"

"Baba, kada ka ɓata mana rana. Har rago za a yanka."

"Ku ci. Jibi Haidar direba zai shiga gonar da tarakta. Me zai zagaye?"

Abuelgasim bai yi tunanin wannan ba. Ya duba wayarsa, ya ce zai yi magana da mai gona bayan biki. Wani ya kira shi a kan maganar lasifika, ya tafi.

Haidar bai jira jibi ba. Hadari ya haɗu, mai gona ya ce a fara. Washegari, ana buga ganga a bakin kwalta, Daudu ya ji ƙarar tarakta. Ya ɗauko Ummusalama, matar marigayi Husaini, wadda gwiwa ta hana ta tafiya sosai, suka hau amalanke.

Suka iske gonar duk iri ɗaya. Laka ta tsage ko'ina, motar da ta kwashi duwatsun ta tattake wurin. Daudu ya ɗaga sanda, Haidar ya tsaya ya leƙo.

"Baba, wallahi ban san an kwashe ba. Nuna mini wurin in zagaye."

Daudu ya taka, ya tsaya, ya dubi tsauni, ya koma baya. Ya soka sandarsa. "Nan ne."

"Ba nan ba ne," in ji Ummusalama. Ta ja ƙafa ta yi can gaba, ta zauna a ƙasa. "Nan nake zama duk shekara."

"Yaya, ni na haƙa ramin."

"Kai ka haƙa, ni nake zuwa. Idonka ya tsufa, Daudu."

"Naki ne yaro?"

Haidar ya dube shi, ya dube ta. Tsakaninsu da nisa, har sai sun ɗaga murya. Daudu ya sake duban ƙasa. Bai sani ba. Shi da ya ɗauki ƙafafun gawar da hannunsa, bai sani ba. Daga bakin kwalta iska tana kawo muryar Abuelgasim a lasifika, yana cewa ƙasa ba za ta taɓa mantawa da 'ya'yanta ba.

Haidar ya kira mai gona. Ya daɗe yana cewa to, to. Ya kashe wayar.

"Ya ce in bar daga inda kake zuwa inda Hajja take. Amma bana kawai. Ya ce fili ne mai yawa, baɗi sai ku tsayar da wuri ɗaya."

"Ce masa ya tambayi lajna," in ji Daudu.

Tarakta ta zagaya ta bayansa, ta yi nisa, ta dawo ta bayan Ummusalama. Ruwa ya fara ɗigowa. Tsohuwar ta miƙo hannu a taimaka mata ta tashi. Daudu ya dubi filin da ke tsakaninsu. Ko'ina ya taka, wataƙila kan yayansa ne. Ya sunkuya ya cire takalmansa, ya riƙe su a hannu, ya nufe ta a hankali.